Darasi: Adireshin IP da Ɓoye Sawu a Intanet

Mutumin da ke zaune a Haɗejiya, ko Auyo, ko Kirikasamma, idan ya kunna data a wayarsa ya shiga ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mai ziyara adireshinsa na IP, zai ga jerin lambobi, da sunan kamfanin sadarwa, da ƙasa, da gari, sai taswira da ɗigo a kanta. Ƙasar za ta fito Najeriya, kamfanin ma zai fito daidai, amma garin sau da yawa Legas ne ko Abuja ko Kano. Idan ya kunna manhajar VPN ya sake dubawa, sai ya ga an kai shi Amstadam ko Landan. Daga nan mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce tunda shafin bai ma san garinsu ba, babu mai iya gano su, sai su saki jiki. Wasu kuma su ɗauki ɗigon taswirar tamkar shaidar gani da ido, har su yanke hukunci cewa wanda ya turo musu saƙo a unguwa kaza yake. Duka biyun kuskure ne, tushensu kuma ɗaya. Tambaya guda tak shafin yake amsawa, ita ce ta wace ƙofa saƙonka ya fito kafin ya iso gare shi. Ko kai wane ne, ko ina kake zaune, ko ka ɓuya ko ba ka ɓuya ba, duk waɗannan tambayoyi ne da amsarsu take wani wurin dabam.

Adireshin IP lamba ce da na'urori ke amfani da ita don saƙo ya san inda za shi da inda amsa za ta dawo. Tsohon tsarinsa, IPv4, wanda aka tsayar a 1981, yana da rukunin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.25. Adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai tsarin ke iya bayarwa, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare a watan Fabrairun 2011, shi ya sa aka soma komawa sabon tsari mai dogayen lambobi haɗe da haruffa, IPv6. Ba a raba adireshin nan gari-gari, kamfani-kamfani ake raba su. Hukumomi biyar ne ke rabon a duniya, ta Afirka ita ce AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Morishus, ita ke ba MTN ko Airtel ko Glo ɗauri guda na adireshi, ta rubuta a rajistarta cewa wannan ɗaurin na kamfani kaza ne mai ofishi a wuri kaza. Don haka layin da ke nuna sunan kamfani, da wanda aka rubuta ASN a gabansa (lambar da ke bambanta hanyar sadarwar wani kamfani da ta wani, misali AS29465 ta MTN Najeriya), su ne mafi inganci a shafin, domin daga rajista suka fito. A cikin lambobin kansu babu wani abu da ke nufin Jigawa, balle Haɗejiya.

Akwai kuma wani dalili da ya fi shafar masu wayar hannu, waɗanda su ne mafi yawan masu shiga intanet a yankinmu. Saboda ƙarancin adireshi, kamfanin waya ba ya ba kowane layi nasa adireshi na fili. Wayarka tana samun adireshi na cikin gida ne, galibi mai farawa da 10 ko da 100, wanda ba ya aiki sai a cikin hanyar kamfanin. Saƙonka zai tashi daga turken sadarwa na kusa da kai, ya bi layukan kamfanin zuwa wata babbar cibiyarsa, a can ne ake maƙala masa adireshin fili wanda mutane da yawa ke tarayya a kansa a lokaci guda. Abin ya yi kama da motar kaya da ke lodin busasshen kifi a kasuwar Haɗejiya za ta Kudu. Kwalayen masunta da yawa ne a ciki, daga Guri, daga Kirikasamma, daga ƙauyukan bakin fadama, amma wanda ya karɓi kayan a can lambar mota ɗaya ya gani da sunan dillali ɗaya. Bai san masuncin ba. Sai dai dillalin yana da littafi, kuma a littafin an rubuta kwalin wane ne, da ranar da aka loda shi. Shafin duba adireshi lambar motar yake karanta maka, littafin yana hannun kamfanin waya. Manyan cibiyoyin kamfanonin kuwa a manyan birane suke, musamman Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022 suka sauka. Mun ga nauyin wannan dogaro ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wasu daga cikin wayoyin suka katse a teku daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet da harkokin banki suka yi tsaiko a sassan Najeriya. Idan shafi ya ce kana Legas alhali kana gaban shagonka a Malam Madori, hanyar da saƙon ya bi yake ba ka labari, ko da kuwa tsakaninka da birnin ya haura kilomita 1,000 a mota.

Sunan garin da ɗigon taswirar kiyasi ne. Wasu kamfanoni masu zaman kansu, irin su MaxMind na Amurka, ke tara bayanai daga rajista da wasu alamomi su gina rumbun da shafukan ke saya. MaxMind da kansa yana cewa a matakin ƙasa yana dacewa sama da kashi 99 cikin 100, amma a matakin gari, a cikin Amurkar ma, dacewarsa kusan biyu bisa uku ce, ita ma da sassaucin kilomita 50. Inda bayanai suka yi ƙaranci, kamar layukan wayar hannu a karkarar Jigawa, babu dalilin sa ran ya fi haka. Mafi haɗari shi ne abin da rumbun ke yi idan ƙasa kawai ya sani: sai ya ajiye ɗigon a tsakiyar ƙasar ko tsakiyar babban birni. A 2016 aka gano cewa ɗigon tsakiyar Amurka da MaxMind ya zaɓa ya faɗa ne kan wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas, kuma adireshi sama da miliyan 600 ke nuna wannan wurin. Shekara da shekaru mutanen gidan suna fama da 'yan sanda da waɗanda aka damfara, kowa ya zo da taswira a hannu. Da suka kai ƙara, kamfanin ya riga ya mayar da ɗigon tsakiyar wani tafki. A 2019 irin labarin ya sake fitowa daga Piritoriya ta Afirka ta Kudu, inda adireshi sama da miliyan ɗaya ke nuna gidan wasu bayin Allah, har jami'an tsaro suka taɓa dira musu. A ganina waɗannan labarai biyu sun isa su hana duk mai hankali zargin maƙwabcinsa da hujjar ɗigo a taswira. Zargi a gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, ba ya gogewa da wuri ko da gaskiya ta fito daga baya.

Wani zai ce, in dai sakamakon rauni ne da shi haka, ta yaya jami'an tsaro ke kama mutane ta intanet? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ce ke rushe kwanciyar hankalin masu cewa babu mai iya gano su. Jami'in bincike ba taswirar yake bi ba, littafin yake nema. Yana karɓar adireshin da ainihin lokacin da aka yi amfani da shi daga shafin da aka yi rubutun, ya kai wa kamfanin waya, kamfanin ya duba wane layi ne ke riƙe da wannan gurbin a wannan daƙiƙar. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin wannan bayani da na masu layi har shekara biyu. Layin kuma yana da suna, tun rajistar sim da aka fara a 2011, balle daga Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, aikin da hukumar NCC ta rufe wa'adinsa a Satumbar 2024. Ƙari a kan haka, kamfanin ya san turken da wayar ta kama a kowane lokaci, abin da ba ya buƙatar adireshin IP ko kaɗan. Ke nan shafin da ya ce kana Legas bai ɓoye ka daga kamfanin da ya sayar maka da data ba, haka nan daga hukumar da doka ta ba ikon tambayarsa. Jahilcin baƙon shafi kawai ya nuna maka.

To mene ne hanyoyin ɓoye sawu ke canzawa a sakamakon? Yanayin sirri na burauza, wanda Chrome ke kira Incognito, ba ya canza komai. Duba adireshinka a cikinsa da wajensa, lamba ɗaya za ka gani. Aikinsa shi ne kada wayar ta ajiye tarihin shafukan da aka shiga, abin da ke da amfani ga mai ara wa wani wayarsa ko mai aiki a shagon kwamfuta. An kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan cewa yana tattara bayanan masu amfani da wannan yanayi, a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara. VPN kuwa yana canza sakamakon da gaske. Yana kulle saƙonka ya kai shi wata kwamfuta a wata ƙasa, daga can ya fita, don haka shafin zai nuna adireshin waccan kwamfutar, kuma a layin kamfani za ka ga sunan wani mai hayar manyan kwamfutoci maimakon MTN ko Airtel. Yawancin shafukan duba adireshi suna gane irin waɗannan, su rubuta cewa VPN ne ko proxy. Wannan na nufin shafin da ka ziyarta bai san adireshinka ba, amma ya san ka ɓoye shi, shi ya sa wasu manhajojin banki da shafukan ciniki kan ƙi buɗewa ko su tsananta tambaya. Kamfanin wayarka ma yana ganin ka haɗu da VPN, da lokacin, da yawan datar da ka ƙona, abin da ke ciki ne ba ya gani. Littafin bai ɓace ba, hannu ya canza: yanzu mai VPN ne ya san adireshinka na asali da wuraren da ka je. A 2011 kamfanin HideMyAss na Ingila ya miƙa bayanan wani mai kutse bisa umarnin kotu, a 2017 kuma bayanan PureVPN suka taimaka wa hukumar FBI ta kama wani mai bibiyar wata mata da barazana, alhali kamfanin yana tallata cewa ba ya ajiye tarihin masu amfani da shi.

Tor ya fi VPN nisa a wannan fanni. Asalinsa binciken ɗakin gwajin sojan ruwan Amurka ne a tsakiyar shekarun 1990, aka sake shi ga jama'a a farkon shekarun 2000. Yana bi da saƙo ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai, ta farko ta san ka amma ba ta san inda za ka ba, ta ƙarshe ta san inda saƙon za shi amma ba ta san ka ba. Adireshin ta ƙarshen ne ke fitowa a shafin dubawa, yana kuma sauyawa akai-akai, kuma jerin waɗannan kwamfutocin a fili yake ga kowa. Duk da haka a Disambar 2013 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Harvard da ya aika barazanar bam ta Tor don a ɗage jarrabawa. Ba a fasa Tor ba. Jami'ar ta duba waɗanda suka shiga Tor ta waifai ɗinta a daidai lokacin, sunansa ya fito, da aka tambaye shi ya amsa laifinsa. Duk inda masu amfani da wata hanya suka yi kaɗan, amfani da ita kansa alama ce, kuma wannan ya fi gaskiya a ƙaramin wuri kamar harabar makaranta ko ofishi mai waifai ɗaya.

Ga mai son ya tabbatar VPN ɗinsa na aiki, hanyar karatun ita ce kwatantawa. Ya duba adireshinsa kafin ya kunna, ya rubuta lambar da sunan kamfanin, sannan ya kunna ya sake dubawa a shafuka biyu ko uku. Bambancin sunan gari tsakanin shafi da shafi ba abin damuwa ba ne, rumbunansu ne suka bambanta. Abin lura shi ne ko sunan kamfanin wayarsa ya sake bayyana a wani layi. Yakan bayyana ta hanya uku. Akwai DNS, wato tambayar da waya ke yi don mayar da sunan shafi zuwa lamba, wadda wani lokaci takan bi ta kamfanin waya maimakon ta VPN. Akwai adireshin IPv6 da wasu manhajoji ba sa rufewa. Akwai kuma WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo a burauza, wadda tun 2015 aka nuna tana iya fallasa adireshin asali. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a 2016 masu bincike daga hukumar kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, da wasu jami'o'i sun gwada manhajojin VPN 283 na Android, suka samu kashi 18 cikin 100 ba sa kulle saƙo sam, kashi 84 suna zubar da IPv6, kashi 66 suna zubar da DNS, kashi 38 kuma da alamar mugunyar manhaja a cikinsu. Mu kuwa na kyauta muka fi saukewa, don data kanta da ƙyar ake saye. Sai kuma matsalar sabis: a ƙauyukan fadama inda layi ke ɗaukewa yana dawowa, VPN kan yanke wayar ta ci gaba da aiki a fili ba tare da mai ita ya lura ba, sai in an kunna maɓallin da ke tsayar da intanet gaba ɗaya duk lokacin da VPN ya faɗi.

Ko da duk wannan ya tafi daidai, adireshin IP ɗaya ne daga cikin sawun da mutum ke bari, kuma ba shi ne mafi zurfi ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, 'yan Najeriya da dama sun koma VPN, har batutuwan cikin gida suka riƙa tashe a jerin wasu ƙasashen. Adireshinsu ya koma Turai da Amurka, amma sunayensu da hotunansu da lambobin wayarsu suna nan a asusunsu. Sun tsallake shinge ne, ba su ɓuya ba, yawancinsu ma ba ɓuyan suke nema ba. Duk wanda ya shiga Facebook ko Gmail ko TikTok da asusunsa ya riga ya faɗi sunansa, ko ta wace ƙasa ya fito. Haka nan izinin da ake ba manhaja ya fi adireshi fallasa. Idan wani shafi ya nuna maka daidai unguwarku, to kusan tabbas GPS ne, wato ka danna amincewa da ya ga wurin da kake. Manhajojin bashin gaggawa da suka riƙa aika wa dangin mutane saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, da izinin duba lambobin waya suka yi ɓarnar, ba da adireshin IP ba.

Ana iya juyo da maganar a ce, in haka ne VPN ba shi da amfani, kuma ma mai gaskiya me zai ɓoye? Ɓangare na farko ya wuce gona da iri. VPN nagari yana hana mai waifai na otal ko makaranta ganin shafukan da ka shiga, yana hana baƙon shafi sanin kamfaninka da ƙasarka. Kariya ce ta gaske, iyakarta ce ya kamata a sani. Ɓangare na biyu kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Matar da ke neman bayani kan wata lalura da take jin nauyin faɗa, da ma'aikacin da ya ga an karkatar da kayan tallafin ambaliya yana son ya sanar ba tare da ya rasa abincinsa ba, da ɗan jarida mai kare wanda ya ba shi labari, babu mai laifi a cikinsu. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya, an kuma kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat. A jihar nan mun ga cewa rubutu a intanet yana da farashi: a Nuwambar 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja kan abin da ya wallafa a Twitter game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙorafin jama'a. Irin waɗannan mutane su ne suka fi cutuwa idan aka bar su da zaton cewa ganin sunan Amstadam a shafi ya isa.

Saura wanda aka zalunta daga ɓoye. Mazambata kan turo mahaɗi, in ka danna su samu adireshinka, su dawo maka da shi haɗe da sunan wayarka suna cewa sun san gidanku, ka biya ko su tona maka asiri. Abin da ke hannunsu shi ne abin da kowane shafi ke gani, kamfani da ƙasa da kiyasin gari, wanda mai yiwuwa ma Legas ya nuna musu. Kada a biya, kada kuma a sake danna wani mahaɗi ko a amince wa shafi ya ga wuri ko kyamara. Saƙon WhatsApp ta kwamfutocin kamfanin yake bi, ba ya nuna adireshin mai turowa, kira ne kan iya haɗa waya da waya kai tsaye, kuma tun Nuwambar 2023 akwai maɓallin kare adireshi yayin kira a saitin sirri na manhajar. Wanda kuma ake zagi ko ake wa barazana daga asusun da ba suna, kada ya biya wani yaro mai kwamfuta ya "gano masa" mai shi ta taswira, domin abin da zai kawo kiyasi ne da ka iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ya ɗauki hoton saƙonnin da sunan asusun da mahaɗinsa, da rana da lokacin kowanne daidai, tunda adireshin da jama'a ke tarayya a kansa ba ya nuna layi ɗaya sai an haɗa shi da lokaci. Ya kai ƙorafi ga shafin, ya kuma kai wa 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja, su ne doka ta ba hanyar neman bayanin daga kamfanin waya kafin shekara biyun ajiyarsa ta cika.